Agwagwar Inna da Tumatirin Akawu

Gara in faɗi laifina tun kafin wani ya tona. Har yau bokitin shara ɗaya gare ni, kuma komai can yake tafiya, daga ɓawon lemo har mataccen batir. Saboda haka ban isa in yi wa Akawu na layinmu dariya ba. Na dai yi.

Akawu ya yi shekara talatin yana jera fayil a ofis. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya rasa abin jerawa. Ya jera takalma, ya jera cokula, har matarsa ta fara kulle kicin in za ta fita. Ana cikin haka ma'aikatan tsabta suka bi gida-gida suna raba takardar yadda ake ware shara. Mutanen layi suka karɓa suka hura wuta da ita. Akawu ya haddace tasa.

Daga ranar gidan ya koma bokiti uku. Kore na abin da ke ruɓewa, shuɗi na roba da gwangwani da kwalba, baƙi na sauran tarkace. Abin da ya shiga kore yana wucewa cikin rabin durom a bayan gida, inda Akawu ke juya shi da sanda kowace safiya yana shinshinawa kamar mai duba girki. Wata shida ya yi yana wannan hidima kafin takin ya nuna. Ya zuba shi a ɗan fegin ƙasa guda ɗaya da siminti bai rufe ba a gidan, wanda bai fi ƙyauren ɗaki girma ba, ya dasa tumatir tara. Yanzu sun yi 'ya'ya arba'in da ɗaya, uku har sun fara ja. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi a makon nan ya ji wannan labari, wasu sau biyu.

Ran Laraba da safe agwagwar Inna ta mutu.

Inna surukarsa ce, uwar matarsa, kuma da agwagwar a hammata ta dawo gidan da zama shekara takwas da suka wuce. Ba ciwo ba ne, tsufa ne kawai. An same ta kwance gefen famfo, wuya a miƙe, fuska a ɗaure kamar yadda ta saba.

Inna ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi 'yarta, ko da yake Akawu na tsaye taku biyu daga gare ta, ta ce, "Gaya wa mijinki, abu ɗaya na roƙa. Kada in ga kare yana jan ta a titi."

"Inna, ku kwantar da hankalinku," in ji Akawu yana ɗan rusunawa. "Komai da tsarinsa a gidan nan."

Matarsa ta riƙe ƙugu. "To, shugaban shara, wane bokiti ke nan? Kore ko baƙi?"

Akawu ya dubi bokitansa uku. Kore ba ya karɓar nama, balle mushe, don yana jawo ɓera da wari. Shuɗi kuwa ba a magana. Baƙi sai ran Asabar ake kwashewa, ga shi rana ta fito da zafinta tun da safe. Abin da takarda ta ce kan mushe layi ɗaya ne, kuma ya san shi sarai: a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, nesa da rijiya da aƙalla taku goma, a binne. Ya juya ya dubi tsakar gidansa. Siminti ko'ina, shi da kansa ya tsaya aka zuba. Ya dubi fegin tumatir, ya yi sauri ya ɗauke kai.

"Zan yi nazari," ya ce.

Ya sa agwagwar a buhu ya ɗaure. Daidai lokacin Mai Baro ya iso, mutumin da ke zuwa duk Laraba ya kwashe roba da gwangwani. Akawu ba ya ƙarya, wannan kowa ya shaida. Abin da ya yi kawai shi ne ya ajiye buhun kusa da shuɗin bokiti, ya koma gefe yana kallon sama.

Mai Baro ya juye bokitin, ya ɗaga buhun, ya jinjina shi. Ya shafa gindinsa da hannu.

"Baba, wannan robar taka da ƙafa take."

"Agwagwa ce," in ji Akawu a hankali. "Na ce ko a hanyarka..."

"A hanyata akwai mai sikeli, Baba. Shi gwangwani yake aunawa. Kuma kai ne ka mayar mini da kwalba ranar nan don ba a ɗauraye ta ba."

Ya ajiye buhun a gaban takalmin Akawu, ya tura baronsa ya yi gaba.

Maƙwabcinsu Makaniki yana kwance ƙarƙashin mota a ƙofar gida, ƙafafunsa kawai ake gani, amma kunnuwansa na aiki. Ya turo kai waje.

"Akawu, me kake wahalar da kanka? Ga kango nan a baya. Ka yi lilo da ita sau biyu ka saki, an gama."

Akawu ya juya ya dubi wajen kangon. Sati biyu da suka wuce, a gaban mutane shida, ya sa Makaniki ya tsallaka cikin kangon nan ya ɗauko galan ɗin baƙin mai da ya jefa, ya kuma yi masa bayani na minti ashirin kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Banda haka, karnukan layin duka a kangon suke wuni.

"Ba a yin haka," ya ce.

"Na sani. So nake in ji ko ka manta." Makaniki ya koma ƙarƙashin motarsa yana dariya. "In kana son diga, tana bayan ƙofa."

Akawu ya koma ciki da buhu a hannu ɗaya, diga a ɗaya. Saura dabara guda. In fegin ya yi kusa da rijiyar gidan, to takarda da kanta ta hana, ba shi ba. Ya tsaya a bakin rijiya ya fara taku yana ƙirgawa. Fegin ya wuce iyaka da taku biyu. Ya dawo ya sake, wannan karon yana buɗa ƙafa kamar mai tsallaka kwata.

"Wandonka zai yage," in ji matarsa. "Kuma Inna ta ce ƙudaje sun fara zuwa."

"Ciro mini takardar in duba."

"Ba ka haddace ba?"

"Ciro dai."

Ta je ta ɓanɓaro ta daga ƙofar kicin, inda ya kafe ta da ƙusa huɗu. Ya karanta layin sau uku, ko zai ga inda aka ce banda mai tumatir. Bai gani ba. Ya miƙa mata takardar, ya cire riga ya rataye a igiyar shanya.

Ya yi lissafi irin na akawu: ramin agwagwa ɗaya, tumatir biyu za su tafi, bakwai su tsira. Ya zaɓi biyu mafi rama, ya tumɓuke su yana kau da ido. Ƙasar da ya kwashe wata shida yana ciyarwa ta yi laushi kamar gari, sai ya zama duk inda ya sara gefen yana zubowa. Ya faɗaɗa, na uku ya kwanta. Ya sa ƙafa don ya sami wurin tsayawa, ya taka na huɗu. Da ya kai zurfin gwiwa, ƙasar da yake fitarwa ta rasa wurin zama, ta danne biyu.

"Gaya wa mijinki ya isa haka," in ji Inna. "Agwagwa ce, ba saniya ba."

"Inna, mita ɗaya aka ce."

"Wa zai zo ya auna?" in ji matar.

Akawu ya ajiye diga. Ya fito daga ramin, ya shiga ɗaki, ya dawo da ma'aunin ɗinkinta. Santimita sittin da huɗu. Ya koma ciki. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A tamanin ya ci karo da ɓaraguzan bulo, ya ɗaga diga da ƙarfi, ta bayansa ta tafi da na bakwai da na takwas tare da sandunan da ya kafa musu.

Rana ta take tsaka lokacin da ma'auni ya nuna ɗari cif. Ya kwance buhun, ya saukar da agwagwar ita kaɗai, domin buhun roba ne, wurinsa shuɗin bokiti. Ya mayar da ƙasa, ya tattake, ya ɗora bulo biyu a kai. Karen da zai tono wannan sai ya zo da tasa digar.

Tumatir ɗaya ya rage a tsaye, can a kusurwa, mai 'ya'ya biyu kore shar. Matarsa ta bi sauran tana tsince ɗanyun a kwano, ta ɗago ta dube shi.

"Ganyen fa? Kore ko?"

"Kore," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Inna ta gyara zama. A karo na farko cikin shekara takwas ta yi masa magana kai tsaye. "Sannu da aiki. Allah ya yi albarka."

Akawu ya zube a kan siminti gaban kujerarta, ƙasa har gira, yana mayar da numfashi. Ya fara shirya yadda zai ba Makaniki labarin: mutum in yana da ƙa'ida, to ya bi ta ko da a kansa ta faɗo. Inna ta ɗauki takardar daga inda 'yarta ta ajiye ta tana fifita da ita, gaban na kallonta, bayan na kallon Akawu. Sai yau ya san akwai rubutu a bayan.

An rubuta cewa duk wanda dabba ta mutu masa kuma ba shi da wurin binnewa, ya kira lambar da ke ƙasa, mota za ta zo ta ɗauka a ranar, kyauta.