Rabin Mazubi

Rabin buhun dalma, gwangwanin giris, tsumma, maganin tari. Abin da Mai Faci ya ɗauko ke nan. Mota ta yi nisa da tasha amma kwandasta bai daina mita ba, wai ɗan buhun nan ya kusa cire masa ƙugu, ko surukarsa ya naɗe a ciki? Mai Faci ya ce da ita ce da tuni an ji muryarta.

Dalmar ta ƙafar mota ce, guntayen nan da ake maƙalawa don taya ta daidaita. Duk wadda ya ɓamɓare a shagonsa sai ya jefa a bokiti. Yayarsa ce ta ce ya riƙa tara mata, mijinta na narkawa yana yi wa masunta nauyin koma.

Shi ma da maƙeri ne. A hannun Babansu ya koyi zuba harsashin bindigar farauta. Ranar da 'yan fashi suka tare hanya suka harbe autansu, dalma zubin gida likita ya ciro daga ƙirjinsa. Ba zubinsu ba ne, amma Yaya ta ce duk kanwar ja ce. Ta tsare shi har sai da ya rantse ba zai ƙara zuba ko ƙwaya ɗaya ba. Ya bar maƙera, ya koma birni yana liƙe tayoyin mutane. Mazuban harsashin Baba suka kwanta a akwati a gidanta. Gado ba a yar da shi, don haka kafin kowace damina yakan yi mata waya, ya je ya sabunta musu giris saboda tsatsa.

Bana ruwa ya yi sammako, shi ma ya taso bai yi waya ba.

Ya tarar da Yaya a tsakar gida tana shanya, tana tarin nan nata da ya ƙi jin magani. Ta ce ya faɗo mata kamar zazzaɓi. Ta ce ya zauna ya ci abinci tukuna, akwati ba gudu zai yi ba. Ya ce gara ya ɓata hannun sau ɗaya, ya wuce ɗakin ajiya.

Mazubi ƙarfe biyu ne da ƙusa ta haɗa, kamar awartaki, da rami a tsakani. Dokar Baba ba ta da yawa. Mazubin da zai yi barci, a cika shi da giris. Wanda zai yi aiki, a wanke shi tas, a kanga shi kan kyandir har ramin ya yi baƙi don dalma ta saki, sannan a ɗan goga kakin zuma a ƙusar kaɗai. Ɗigon mai ya taɓa ramin, harsashi ya fito da tamoji kamar goshin tsohuwa.

Ya buɗe na farko. Babu giris. Ramin baƙi wuluk, ƙusar na sheƙin kaki. Ya buɗe sauran, duk haka. Ba aikin mijinta ba ne, mutumin da in zai gyara keke sai ya yi wanka da baƙin mai. Wannan hannun gidansu ne.

Tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta yi musu ba. Ta ce maharba ne ke saye, masu korar gyado daga gonaki. Ya tambaye ta ko tana bin su dawa ta ga abin da suke harbi. Ta ce Baba ma bai taɓa bin kowa ba.

"Yaya, ke kika sa na rantse."

"Kai na sa. Ka ji na rantse ni?"

Ya tuna ba ta rantse ba kuwa. Kuka kawai ta yi.

"Kuma ni nake ɗauko miki dalmar a kafaɗata."

"To, ɗan Baba, da zubar da ita za ka yi a bola. Kai ka fita da hannunka fes. Mu da aka bari fa, iska za mu ci?"

Ta ci gaba da magana, wai tsoron ransa ta ji, wai namiji ne ake kamawa, mace ba a kula ta. Wataƙila ma gaskiya ta faɗa. Ya jawo guduma daga ƙarƙashin benci, ya fitar da ƙusar kowane mazubi, ya raba su gida biyu. Ɓari ɗaya ya mayar akwati, ɗayan ya zuba a buhu kan dalmar. Ta ce me rabi zai yi masa. Ya ce abin da zai yi mata.

Ya saɓi buhun ya ratsa tsakar gida. Ta biyo shi har zaure tana kiransa da sunan da Inna ke kiransa. Ya fita ya jawo ƙofar har ta rufu.

"Na ɗauki rabona," ya ce ta bayan ƙyauren. "Ba zan ƙara kawo dalma gidan nan ba."