Ƙafa a Kan Teburin Manaja

"Minti biyar kacal," in ji sakatariya, karo na huɗu, ko kai ba ta ɗago ba.

Dogo ya dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata, alhali ƙarfe tara aka ce ya zo. Shekara guda ke nan da motar kamfanin ta kife da shi, lakarsa ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Tun daga nan, in ya daɗe a zaune jini sai ya taru a ƙafafu, ya ga duhu, ya sume. Akwai ƙwayar da ke ɗaga masa jinin, amma sai ta yi rabin awa kafin ta kama, ƙarfinta kuma ba ya wuce awa huɗu. Ƙarfe takwas ya sha ta.

"Shi ya sa shekaranjiya Manaja ya bugo yana wani tausasa murya, wai awa nawa maganin yake yi," in ji yayarsa, wadda ta turo shi a keken guragu. "Kai kuma baki buɗe ka zayyane masa."

Gaskiyarta, kuma abin ya yi masa ciwo. Sharaɗin Manaja ɗaya ne: ya zauna ganawar rabin awa lafiya lau, a ba shi teburin tsara fitar motoci. In ya sume, a sallame shi.

Yana haɗiye ƙwaya ta biyu sakatariya ta ce su shiga. Ashe ido take sa masa.

Manaja na bayan teburinsa, gefensa wata jami'ar ma'aikata riƙe da biro da agogo.

"Dogo, ka yi ƙiba! Zama ya karɓe ka."

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

Aka fara tambayoyi. Direba nawa ake ba doguwar tafiya, wace mota ce ba ta son hawa da lodi. Shekara goma sha tara Dogo yana tuƙi, ko cikin barci aka tashe shi zai amsa. Amma a minti na takwas kunnuwansa suka fara ƙugi, fuskar Manaja ta soma dushewa. Mutumin kuwa sai jan magana yake, yana murmushi.

"Yaya," Dogo ya ce a hankali.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta taka birki, ta kwantar da bayan keken, ta sunkuci ƙafafunsa biyu ta dire su a kan teburin, daidai kan takardar sallamar da aka riga aka buga.

"Ke! Wane irin rashin mutunci ne wannan?"

"Magani ne. Likita ya ce a ɗaga ƙafa. Kuma kada ka damu da takalmin, ya fi teburinka tsabta, bai taɓa taka ƙasa ba."

Duhun ya fara janyewa. Dogo ya ga silin, ya ga fanka, sannan ya ga Manaja tsaye yana huci.

"Sauke ƙafarka daga teburina!"

"Shekara guda ina ba ta umarni ba ta ji, ranka ya daɗe. Sai dai ka sauke ta da hannunka."

Manaja ya miƙa hannu. Jami'ar ta ɗaga biro.

"Yallaɓai, takardar sharaɗin cewa ta yi kada ya sume. Ba ta faɗi inda zai sa ƙafa ba. In ka sauke ya faɗi, dole in rubuta wanda ya sauke."

Hannun ya tsaya a sama, sannan ya koma aljihu. Manaja ya zauna, takalman nan biyu sun tsaya masa a gaban hanci, sai ya leƙa ta gefe kafin ya ga mai su.

"Saura minti goma sha tara," in ji Dogo. "Ina jin ka, ranka ya daɗe. Tambaya ta gaba."