Tafi Tara na Malama Rukhsana

Shekara ashirin Malama Rukhsana Bhatti tana koyar da Turanci da tafi a makarantarmu ta Gujranwala, a Pakistan. Duk doguwar kalma sai ta yanka ta gaɓa-gaɓa, yara na tafawa suna faɗa. Sai aka kawo mana sabon shugaba, Shahzeb Cheema, wanda ya yi wata goma sha takwas a Ingila ya dawo yana magana ta hanci. Wai karatu ya je yi. Ƙanwar matarsa ta ce kaji yake soyawa.

Ranar da ya leƙa ajinta ya yatsina fuska. "Malama, makaranta ce nan ko gidan biki? Bayan bikin ba da kyaututtuka ki zo ki karɓi takardar sallamarki."

Babban baƙon bikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, Dakta Gill, mutumin da ba ya yarda a kira shi sai da cikakken muƙaminsa na Turanci: otorhinolaryngologist. Malama ta gani a katin gayyata, ta bi shugaba har ofis.

"Yallaɓai, in yanka maka ita? Gaɓa tara ce kawai."

"Ni za ki koya wa Turanci? Baiwar Allah, je ki sha shayinki."

Ranar biki shugaba ya hau mumbari da kwat, ana zafin da kwalta ke narkewa. Ya zuba Turanci, iyaye na gyaɗa kai ba don sun gane ba. Ya iso kalmar.

"Oto..." Ya yi tari. "Otori..." Ya kurɓi ruwa. Dakta Gill ya harɗe hannuwa yana jira. Wallahi ban taɓa jin daɗin shiru irin wannan ba.

Daga baya can aka ji tafi ɗaya. 'Yan aji biyar ne, ɗaliban Malama, su arba'in, baki ɗaya: "O-to-rai-no-la-rin-go-lo-jist!"

Dakta ya miƙe yana dariya. "Matata ma ba ta iya ba! Wa ya koya musu?"

"Sabon tsarina ne, ranka ya daɗe," in ji Cheema, ko kunya babu.

Takardar sallama kuwa ba a sake jin labarinta ba. Wa zai kori mai koyar da tsarin shugaba?

Washegari na wuce ta ofishinsa, ƙofa a kulle. Daga ciki ana tafi a hankali. Na tsaya na ƙirga. Takwas.