Wuƙar da Ta Naɗe wa Malam Sammani

"Riƙe min reshen nan, Yaya Habi, kar ki bari ya motsa."

Na riƙe. Malam Sammani ya dafa kututturen mangwarona da hannun hagu, ya ɗora wuƙa, ya danna zai tsaga. Ba wata ƙara na ji ba, ɗan ƙas ne kawai. Wuƙar ta goce gefe, ta naɗe, ta rufe a kan yatsunsa biyu. Jini ya tsarto har kan zanina.

"Innalillahi! Ban faɗa maka ba? Ban faɗa maka ba, Sammani?"

"Kin faɗa," ya ce, yana dariya yana yarfe hannu. "Ke ai kullum kin faɗa."

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Aminin maigidana ne, kuma tun da maigidan ya rasu bai taɓa wuce ƙofata bai yi sallama ba. Manomi ne kamar kowa a nan, amma abin da aka san shi da shi auren mangwaro. Ya yanko reshe daga bishiya mai daɗi, ya tsaga wadda ba ta da kirki, ya haɗa, ya ɗaure da leda. Daga nan har Kadawa, in ka sha mangwaro marar zare, da wuya ba hannunsa ba ne.

Tsohuwar wuƙarsa ta maƙera ce, ta ci wasawa har ta koma kamar tsinke. Sai Garzali, wani mai tebur a kasuwar Bunkure da ke sayar da tocila da kwaɗo, ya nuna masa hoton wata a waya. Wai ta ƙasar waje ce, mai naɗewa, mai makulli, wai jikokinsa ma za su gaje ta. Buhun shinkafa biyu Sammani ya sayar. Mutumin da takalminsa ya sha ɗinki sau uku.

Ranar da ta iso, a cikin kwali mai shimfiɗa kamar amarya, ya kawo min har tsakar gida. Ni ban yi boko ba, amma na fi shekara hamsin ina yanka kuɓewa. Na buɗe ta, na kama tsinin da yatsa biyu na motsa. Tana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Na naɗe ta na ɗaga wa rana. Ƙarfen bai kwanta a tsakiyar ƙota ba, ya karkace yana gogar gefe guda, har ya fara zana layi.

"Mayar masa," na ce.

Ya mayar. Ya dawo da ita a aljihu.

"Ya ce sabunta ce. Wai duk masu tsada haka suke zuwa, ana bar musu ɗan wurin motsi. Ya ƙara ɗaure mata noti."

"To ya ba ka wata mana."

"Wai tunda an buɗe kwali kamfani ba ya karɓa." Ya sosa ƙeya. "Yaron ya rantse, Yaya. Ina zan tsaya ja da wanda ya rantse?"

Sati uku ke nan kafin ranar da ta rufe masa a hannu.

Ciwon ya yi zurfi, ina hango fari a ciki. Na ce ya hau babur ya je a yi masa allura. Sai ya nufi injin ban-ruwansa, ya lakato baƙin mai ya shafa, ya yage tsumma ya ɗaure. Haka mazan nan suke yi, kowa ya sani.

"Gobe ranar ruwanmu ce," ya ce. "Kwana tara muna jira a buɗe mana kanal. In ya wuce ni, shinkafar nan ta tafi. Jibi sai allura."

Washegari tun hantsi yana gona. Ruwa in ya zo ba ya jiran kowa. Ka buɗe wannan fangali, ka toshe wancan da laka, kuma da hannu ake yi, fartanya ba ta kai. Gonar ta sha takin shanu. Har la'asar hannun nan yana cikin taɓo. Da jibin ya zo, ciwo ya kame, ya ce allurar me kuma.

Rana ta takwas matarsa Barira ta shigo min ko mayafi babu.

"Yaya, zo ki ga Malam. Na ba shi koko ya kasa buɗe baki."

Na same shi a kan tabarma, wuya ya sandare, haƙora a cije, fuska kamar mai murmushi alhali idonsa na zubar da ruwa. Maƙwabta suka taru. Wani ya ce iska ce ya gamu da ita a bakin kanal. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi. Ba zan yi ƙarya ba, garwashin daga murhuna aka ɗiba, ni na kai da hannuna. Kwana biyu muka ɓata a haka.

Da muka kai shi asibiti, likita ya kwance tsumman ya duba, ya dube mu.

"Yaushe ya yanke?"

"Kwana goma."

Bai yi mana faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya ce cutar ta ciwon nan ta shiga, daga ƙasar gona, kuma za su yi abin da za su iya.

Suka sa shi a ɗaki shi kaɗai, suka rufe tagogi, suka ce kar a yi motsi mai ƙarfi. Ko cokali ya faɗi, sai jikinsa ya banƙare, bayansa ya bar katifa. Ni da ake jin muryata daga rijiya, na koyi raɗa a ɗakin nan.

Ranar Laraba ya ɗan samu sassauci. Ya kira ni da ido. Na kai kunnena bakinsa, maganar na fita ta tsakanin haƙora.

"Kar ki ce... mangwaronki ne."

"Yi shiru. Ba mangwarona ba ne, wuƙar Garzali ce. Wallahi sai na..."

"Na yafe masa."

"Ni ban yafe ba."

"Barira... kin ji. Na yafe."

Barira ta gyaɗa kai tana toshe baki da gefen mayafi. Ranar Alhamis bayan azahar ya cika.

Na bari aka yi addu'ar bakwai. Washegari na ƙulle wuƙar a bakin zani na tafi ƙofar dagaci. Aka aika aka kira Garzali. Ya zo da farar shadda, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi wa mamaci addu'a har muryarsa na rawa.

Na ajiye wuƙar a gaban dagaci. "Ranka ya daɗe, buɗe ta ka motsa."

Ya buɗe, ya motsa. Kowa a zauren ya ji ƙas-ƙas ɗin.

"Lallai tana da motsi," ya ce.

"Ranka ya daɗe, ai ta sha aiki ne," in ji Garzali. "Itace ake tsagawa da ita. Kuma ni ban sa shi shiga taɓo da ciwo ba. Iya ta sani."

"Kar ka ce min Iya, ban haifi maƙaryaci ba! Ranar da ta fito daga kwali haka take. Ya kawo maka har tebur, ka ce masa sabunta ce. Ka ce ko ba ka ce ba?"

"Kai, Iya, mutum nawa nake gani a ranar kasuwa?"

"Habiba," dagaci ya ce, "sassauta. Diyya kike nema? Ke ba magajiyarsa ba ce."

"Ba na son ko allurarsa. So nake ya buɗe baki a gaban mutanen nan ya ce ya san tana girgiɗi ya sayar. Shi ke nan. In ya faɗa in tashi."

Garzali ya zuba wa tabarma ido. Na jira. Wallahi na jira.

Wani dattijo ya yi gyaran murya. "An ce marigayin ya yafe."

"Haka ne, Habiba?" in ji dagaci.

Ina iya cewa ban ji ba. Ni da Barira ne kawai muka ji da kunnenmu, ita kuma tana takaba, ba mai kiran ta.

"Ya yafe," na ce.

"To, alhamdulillahi. Wanda aka yi wa ya yafe, kwana kuma ya ƙare. Allah ya ba ki haƙuri."

Nan Garzali ya samu baki. Ya zura hannu a aljihu ya fito da sabon kwali. Wai tun da ya ji rasuwar bai samu sukuni ba, ya sa aka zaɓo masa wannan daga Kano, a kai wa iyalin. Ya ciro sabuwar wuƙa daga ciki, ya buɗe ta a gabansu, ya kama tsini ya jijjiga, ko gezau. Ya naɗe, ya ɗaga wa hasken ƙofa.

"Ku duba, ranka ya daɗe. Tsakiya cif."

Ashe ya san yadda ake dubawa.

"Madalla," in ji dagaci. "Ka kyauta." Aka shafa fatiha. Kuma ni aka miƙa wa kwalin, tunda hanyarmu ɗaya da gidan.

Na tarar da Barira a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai. Na ajiye kwalin a gefen tabarma na zauna. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ɗan janye ƙafarta daga kusa da shi, ta turo min faifan tsakaninmu. Muka ci gaba da fitar da tsakuwa.