Kujera Tara, Mutum Goma

"To ka ɗaure su a kan rufin motar mana," in ji LaDawn, matar ɗana. "Akwai igiya a gareji. Zaɓi uku cikin 'ya'yanka ka ɗaure su kamar buhunan dankali."

Ɗana Rulon ya ce ba haka yake nufi ba. Ta ce to me yake nufi, tunda a-kori-kurar da yake ta lasar leɓe a kanta mutum shida take ɗauka, mu kuwa mu tara ne a gidan: shi, ita, 'ya'ya shida, da uwarsa. Da ta zo kaina sai ta rage murya. Ina zaune bakin murhu ina ɓare wake, na yi fuskar kurma. Shekara huɗu ke nan suna zaton kunnena na hagu ya mutu, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in gyara musu ba.

Abin da ya kawo rigimar, Bijimi ne ya mutu. Haka yara suke kiran tsohuwar jif ɗinmu mai shan dizal, wadda marigayi mijina Verl ya saya shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Kujera tara gare ta, uku gaba, uku tsakiya, uku baya, kuma tana jan tirelar kwananmu ta hau dutse ba ta ko yi nishi ba. A watan Mayu ta yi wani tari a bakin gonar dankali, ta fitar da farin hayaƙi, shi ke nan. DeLoy bakanike ya leƙa cikin injin, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Rulon ya zaga wuraren sayar da mota tun daga Rexburg har Pocatello, magana ɗaya yake ji. Manyan jif da ke ƙasa na fetur ne, ba za su iya da tirela ba. Masu dizal ɗin da ake samu, injinsu bai kai ya ja irin tirelarsa ba, don tirelar nan gida ce guda, da kicin da banɗaki da gadaje bisa gadaje. In ƙarfi yake so, ga a-kori-kura nan. Ya dawo yana cewa masu ƙera mota sun zauna sun yanke cewa mai tirela ba ya haihuwa, mai haihuwa kuma ba shi da tirela. Su zo nan jiharmu ta Idaho su gani.

Ga shi kuma Yuli ta matso. Duk shekara zuriyar Nebeker, mu wajen ɗari uku, muna haɗuwa kwana uku a makiyayar kakanmu can bisa dutse, tafiyar awa huɗu. Ranar ƙarshe, macen da ta fi kowa tsufa a wurin ita ke zama a kujerar kaka, ta karanta takardar shekara: wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya haihu. Shekara shida ni ce a kujerar. Ba na ƙara komai a kan abin da aka rubuta. Sai dai in na faɗi ranar ɗaurin aure, na faɗi ranar haihuwa, nakan ɗan tsaya in sha ruwa, don masu son lissafin watanni su samu sarari. In ban je ba, kujerar ta faccalata Fontella ce, matar marigayi Orval ƙanen mijina. Wata biyar kacal na ba ta, kuma tana kallon watannin nan biyar kamar na sace mata su.

Shawarar LaDawn ita ce a sayi jif ta fetur mai kujera takwas, a rabu da tirelar, a koma kwana a tanti kamar kowa. Rulon ya ce sai dai a sayar da shi tare da tirelar. Tasa shawarar, a tafi da mota biyu. Ta ce ta taɓa yi sau ɗaya: shi yana gaba yana jin rediyo da manyan yara, ita tana baya da tagwaye suna amai, awa huɗu ba abin da take gani sai ɗuwawun tirela. Ba za ta ƙara ba.

Na lura da abu ɗaya. Takwas ɗin LaDawn babu ni a ciki. A-kori-kurar Rulon kuwa sai da tsani ake hawanta.

"Mama ma dai bana, da gwiwar nan tata..." in ji Rulon, ta ɓangaren kunnena na hagu.

Na ci gaba da ɓare wake.

Kowa a garin nan ya san akwai 'yar'uwar Bijimi a rumfar tarakta ta Fontella. Mako ɗaya Verl da Orval suka saye su, don kada wani ya fi wani. Orval bai mori tasa ba ya rasu, tana nan lulluɓe da tamfol kamar sabuwa. Mutane sun zo tun daga Texas suna roƙo, Rulon ma ya je sau biyu da hula a hannu. Sai ta share ido da hankici ta ce ƙamshin Orval na ciki. Ni kuwa na san shekara hamsin matar nan ba ta iya zama ɗaki ɗaya da shi in yana tauna abinci.

Washegari da sassafe na ɗauki sandata na tsallaka gadar magudanar ruwa. Na ƙwanƙwasa gidanta, shiru. Na zagaya baya, sai hancina ya ci karo da wani ƙamshi da rabona da shi tun ina budurwa ina wanke kwanuka a gidan abincin direbobi. Na bi shi har rumfar. An ɗage tamfol ta gefe ɗaya. Ga Fontella a kujerar direba, da rigar barci da abin naɗe gashi, butar ruwan zafi a gefenta, kofi a hannu, ido a lumshe.

Gahawa. Cocinmu ta hana mu ita tun kafin a haifi kakata. Kuma wannan Fontellar ce ta yi shekara ashirin tana koyar da matan coci, ita ce ta taɓa kai ƙarar 'yar DeLoy don ta gan ta a kanti da shayi mai sanyi, wanda shi ma an hana mu.

Na buɗe ɗaya ƙofar na hau da ƙyar, na zauna. Ba ta ko zabura ba. Ta ce a cikin gida ba ya yiwuwa, matan ziyara na coci sukan faɗo ba sallama, kuma labule yana riƙe ƙamshi. Ta ciro garin daga aljihun gaban mota, a cikin gwangwanin garin sha'ir ɗin nan da aka yarda mu sha, ta dama wani kofi ta miƙo mini.

Na sha. Ai ba a zargin mutum sai an tabbatar.

Ban yi mata barazana ba, Allah ya sani. Na dai ce ranar Lahadin farkon wata, da ake ba kowa damar magana a coci, ina da niyyar tashi in yi tawa, kuma ta san yadda bakina yake yawo yanzu da tsufa. Sannan na yi ta kukan halin da Rulon yake ciki, yaron da Orval yake so kamar nasa. Ta daɗe tana kallon sitiyari.

"Arvella, ke annoba ce," ta ce.

"Akwai saura a butar?"

Ta ƙara mini. Ta ce Rulon ya zo ya ɗauki motar, amma tana da sharaɗi ɗaya, kuma shi za ta faɗa wa da bakinta. Daɗi ya hana ni tambayar wane sharaɗi ne. Wannan shi ne kuskurena.

Ranar Asabar DeLoy ya sa sabon batir, ya canza mai, motar ta yi gurnani ta tashi. Rulon ya tsaya yana shaƙar baƙin hayaƙin kamar turare, har da ƙwalla. Aka maƙala tirela, aka zaga gona sau biyu. Suna can suna shafa ƙarfe, na buɗe aljihun gaba na ga gwangwanin nan Fontella ta manta da shi. Na sa a aljihun rigar girkina, kada yara su gani.

Lahadi bayan coci Fontella ta zo cin abincin rana, ɗauke da tiren dankalin makoki, wanda take kai wa kowane gida ko an mutu ko ba a mutu ba. Bayan an yi addu'a an ci, ta fito da takardar motar ta sa hannu, ta ajiye makulli a tsakiyar tebur. Sannan ta goge baki ta ce ɗanta na Arizona ba zai samu zuwa ya kai ta taro bana ba. Saboda haka da ita za a tafi. A gaba, jikin taga.

Rulon ya ce ai wannan ba komai ba ne, Anti Fontella. Sai na ga leɓensa yana motsi, yatsunsa suna bin gefen tebur ɗaya bayan ɗaya. Yatsun suka ƙare daidai. Mutum goma.

LaDawn ta yi wuf ta ce ita ta haƙura. Za ta zauna ta kula da gida, kwana uku ita kaɗai, ba komai, za ta daure. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na lokacin ba, ko ranar aurenta. Rulon ya dubi tagwaye, ɗaya yana tura wake a hancin ɗaya, ya ce wannan ba mai yiwuwa ba ne. Babbar 'yarsu Kenzlee ta ce ita ma tana iya zama, uwarta ta ce ta san wane yaro ne ba zai je taron ba shi ma, ta rufe baki.

Ba wanda ya dube ni, duk suka dubi gwiwata.

"Mama," in ji Rulon da ƙarfi, yana raba kalmomi, "kin tuna abin da likita ya ce game da doguwar tafiya?"

Fontella ta dafa hannuna. Ta ce kada in damu da takardar shekara, za ta karanta a madadina, kuma ita ba za ta riƙa tsayawa shan ruwa ba. Ta ce za ta kawo mini hoto.

Ni na nemo motar. Ni na tsallaka gada da sanda. Na dubi ɗan da na haifa a bayan wata a-kori-kura cikin dusar ƙanƙara, yana zaune yana kallon farantinsa.

Na sa hannu a aljihu na fito da gwangwanin, na ajiye kusa da makullin.

"Kin manta kayanki a mota," na ce. Na buɗe murfin, don a ga ban taɓa mata komai ba.

Ƙamshin ya cika kicin. Kenzlee ta ce wannan ai warin kantin gidan mai ne. Rulon ya yi shekara biyu yana wa'azi a Brazil, ƙasar gahawa, kuma yanzu shi ne mataimakin shugaban cocinmu, ba ya bukatar a gaya masa. Kunnuwansa suka yi ja. LaDawn ta jawo gwangwanin wai za ta duba, ta sa hanci, ta daɗe fiye da yadda dubawa take bukata.

Fontella ba ta musa ba, wannan na yaba mata. Ta gyara zama ta ce, "Tambayi uwarka kofi nawa ta sha."

"Biyu," na ce. "Kuma tsararo take yi, ba ta iya ba."

Rulon ya ce Mama, ya sake cewa Mama. Ya kori yara waje, ba wanda ya motsa. Ya fara wani jawabi a kan cewa kowa yana da rauninsa, kuma wannan magana ba za ta fita daga ɗakin nan ba. Fontella ta dube ni, ta dubi yara shida, ta ce masa shi ma ya san ƙarya yake yi. Kafin Talata har Pocatello an ji. Ta ce ba za ta zauna awa huɗu a mota ɗaya da ni ba, ba kuma za ta tsaya gaban mutum ɗari uku suna sunsuna ta ba.

Na ce in ta sake shawara, akwai wuri a kan rufi, LaDawn ta ce akwai igiya.

Ta miƙe. Ta rataya jakarta, ta kwashe tirenta da sauran dankalin a ciki. Hannu ɗaya ya rage mata. Ta miƙa shi tsakiyar tebur, ya tsaya a sama tsakanin makulli da gwangwani. Rulon ya daina numfashi. Ni ma, gaskiya, na ji gwiwar tana zafi.

Ta ɗauki gwangwanin.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa Rulon ƙofar baya ta hagu tana maƙalewa, sai an ɗaga ta. Sannan ta dube ni.

"Kuma kunnenta lafiyarsa ƙalau. Duka biyun."

Ta fita ta buga ƙofar, har hoton Verl ya karkace a bango.