Bugu Ɗaya a Gurbin Manu

A bakin mangazar Alhaji Mas'udu, wato babban shagonsa na ajiyar kaya cikin kasuwar Magariya, aka ƙulla maganar. Alhaji na zaune a kan buhun wake, tsoho Barau kuma na kan tabarma da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya karkato kunne wajen da muryar take fitowa. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, abin da yake gani sai inuwa-inuwa.

"Baba Barau, ba zan yi maka kwana-kwana ba," in ji Alhaji. "Ɗana Ammar zai yi aure bayan kaka. Nazifa mawaƙiya za ta yi masa waƙa a situdiyo. Amma waƙar yaran yanzu, ka san ta, daɗin kunne ne kawai. So nake in an kai tsakiya kiɗa ya sassauta, a ji muryarka kana kiran gidanmu."

"Wannan ai aikina ne, Alhaji. Ina kiran gidan Mati tun kana yawo ba wando."

Alhaji ya yi dariya. "To ni kuma in sa a kai ka Damagaram a cire maka yanar nan. Mota tawa, magani nawa, har ka dawo. Sai dai abu guda. In ka kira mahaifina, ka diro kaina. Kada ka kira Manu."

Manu shi ne yayan Alhaji, ɗan farin Mati, yana can Kwaya yana noma gonar gado. A kan gonar nan suka ɓata bayan rasuwar uban nasu. Alhaji ya so a yanka masa rabonsa ya sayar, Manu ya ce sai dai bayan ransa, aka yi munanan maganganu a gaban mai gari. Shekaru ke nan ko gaisuwar Salla ba ta haɗa su.

"Alhaji, shi ne babba fa," in ji Barau.

"Ban ce ka zage shi ba, Baba. Tsallake shi kawai. Bikin ɗana ne, waƙata ce."

Barau ya tuna yadda yake bin katanga da hannu in zai je masallaci, da ranar da ya gaida turmi yana zaton matar maƙwabcinsa ce a tsugune, mata suka yi ta danne dariya. Ya miƙa hannu cikin duhun da yake gani, Alhaji ya kama. Magana ta ƙullu.

Shi Barau ba mawaƙi ba ne, sanƙira ne. Bai taɓa rera ko baiti guda ba. Nasa aikin yana zuwa ne in waƙa ta yi nisa, mawaƙi ya ja numfashi, makaɗi ya kwantar da hannu. A nan yake shigowa da magana zalla, ya kira gidan mai biki: uba da kirarinsa, sannan 'ya'ya daga babba zuwa ƙarami, kowa da garin da yake zaune. Shi da abokin aikinsa Illa makaɗi suna da wata al'ada da duk tsofaffin Kwaya da Bande da Dungas suka sani. Ba a faɗar sabuwar mutuwa a wajen murna. Don haka wanda ya rasu cikin shekarar, in an zo kan sunansa Barau sai ya yi shiru, Illa ya buga ganga sau ɗaya, a wuce. Da wannan bugun mutanen nesa suke sanin wa aka rasa. Mata kan bar daka su kasa kunne ta bayan danga in ya fara kiran gida. Tunda yake bai taɓa yi wa rayayye shiru ba, shi ya sa in an ce "daga bakin Barau aka ji," musu ya ƙare.

Ranar ɗaukar waƙar aka kai shi wani ɗaki ƙarami bayan tashar mota, an manne bangonsa da katifu, zafi kamar cikin tanda. Barau ya ce ba ya magana sai da gangar Illa, aka aika kabu-kabu har Dungas ya ɗauko shi, don can ya koma da zama wajen ɗansa, rabonsa da Kwaya tun kafin damina. Barau bai gaya masa abin da suka ƙulla da Alhaji ba. Kunya ta hana shi. Ya dai shirya a ransa cewa in ya zo wurin zai zarce da sauri, ba wanda zai lura.

Nazifa ta rera nata, murya mai zaƙi, ta yabi ango ta yabi amarya. Sai mai situdiyo ya taɓa kafaɗar Barau.

"Sassauta, Illa, sassauta!" Muryar ta fito kamar ba daga ƙirjin tsoho ba. "Gidan Mati zan shiga, a ba ni hanya. Mati na Kwaya, mai gyaɗar da ta gajiyar da jakai, wanda baƙo bai taɓa kwana da yunwa a zaurensa ba, Allah ya haskaka kabari. Mati ya tafi ya bar baya. Ya bar..."

Nan harshen ya tsaya. Bakin da ya saba tun yana saurayi da cewa Manu a wannan gurbin ya ƙi tsallakewa, ya kuma ƙi faɗa. Shirun bai fi jan numfashi ba. Illa ya ɗago kai ya dubi abokinsa, hannunsa ya sauka kan ganga. Bugu ɗaya.

"Ya bar Mas'udu, mai mangaza ƙofa biyu, ka kwana Magariya ka yini Kano! Ya bar Daso ta Bande, uwar baƙi..." Haka ya ci gaba har ƙarshe, gumi na bin gemunsa.

"Kai, Baba, tsayawar nan ta yi armashi!" in ji mai situdiyo. "Ba sai an sake ba."

Barau ya san a nan ya kamata ya ce a sake. Amma in an sake dole ya yi wa Illa bayani a gaban yaran nan. Ya ce a ransa, waƙar wayar salula ce, samari ne za su ji ta, wa ya san ma'anar bugu ɗaya a cikinsu?

A bakin ƙofa Illa ya rataya gangarsa, ya riƙe hannun Barau. "Ashe Manu lokaci ya yi. Ba wanda ya aiko mini. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki."

Barau ya lallashi zuciyarsa da cewa ai rayayye ma yana bukatar jin ƙan Allah.

"Amin," in ji shi.

Alhaji ya cika alkawari. Aka kai Barau Damagaram, aka yi masa aiki, ya dawo Kwaya da baƙin tabarau. Waƙa kuwa ba ta jira biki ba. Ammar ya tura wa abokansa, suka tura wa nasu, kafin Barau ya dawo tana tashi a teburin mai shayi da cikin motocin kasuwa.

Wata hantsi yana zaune a ƙofar gidansa, ya ɗaga tabarau yana kallon duniya kamar yau aka yi ta. Yana ganin ganyen dogon yaro ɗai-ɗai, yana ganin tururuwa na jan ƙwayar gero. Sai ya hango amalanke a kan hanyar Bande, cike da mata sun lulluɓe. Tun daga nesa ya ji kuka. Ta gaban, mai riƙe da ƙwaryar gero a cinya, ya gane ta duk da ta tsufa tun rabon da ya gan ta da ido: Daso ce, ƙanwar su Manu. Amalanken ya wuce shi, ya tsaya a ƙofar gidan Manu. Barau ya tashi ya bi su.

"Wayyo Yaya! Ku binne shi ba ku gaya mini ba? Sai a waƙa zan ji?"

Tana cikin haka Manu ya ɓullo daga bayan gida, da igiyar ɗaurin gero a kafaɗa, ƙaiƙayi ya yi masa fari a kai.

"Ke Daso, lafiya? Wa ya mutu?"

Ƙwaryar ta suɓuce, gero ya watse. Matan suka ja da baya suna salati. Daso ta kama hannunsa tana matsawa, ta taɓa fuskarsa, sannan ta zauna a ƙasa ta shiga wani sabon kukan.

Kafin a gama shimfiɗa tabarmi, 'yan moto, wato masu babur, suka tsaya da Illa da wasu dattawan Dungas. Wasu suka iso daga ƙauyukan kewaye, kowa da fuskar gaisuwar mutuwa, kowa ya tarar da mamacin a zaune yana cewa a kawo wa baƙi ruwa.

Bayan azahar motar Alhaji Mas'udu ta shigo da gudu. Ya fito ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Shi labarin bai same shi a matsayin waƙa ba. Fataken Dungas ne suka tsaya a mangaza suka yi masa ta'aziyya, suka ce Illa ya faɗa, Illa kuwa daga Barau ya ji. Bai tsaya tambaya ba. Ya kutsa cikin mutane, ya tsaya cak. Yayansa na kallonsa.

"Jana'iza ka zo, Mas'udu?" in ji Manu. "Ka yi sammako. Da saura."

Alhaji ya durƙusa a bakin tabarma, babbar riga cikin ƙasa. "Yaya," kawai ya iya cewa. Ya kama hannun Manu da hannu biyu. Manu bai janye ba.

Daso ta share hawaye, ta kwance salula daga bakin zane. "Ku ji inda na ji," in ji ta. Muryar Nazifa ta tashi, kiɗa ya sassauta, muryar Barau ta shiga gidan Mati. Wurin ya yi tsit. Aka ji shirun, aka ji bugun. Kowa ya juya wajen tsohon da ke tsaye a gefen danga. Da a da ne, da bai ga komai ba. Yau kuwa ya ga kowace fuska sarai.

"Barau," in ji Manu, bai ɗaga murya ba. "An ce an buɗe maka ido. Matso ka dube ni da kyau. Da raina ko babu?"

"Da ranka, Manu."

"To me na yi maka? Akwai shekarar da na yi girbi ban aiko maka da dami ba?"

"Ni na sa shi, Yaya," in ji Alhaji. "Ni na ce ya tsallake ka. Ban san haka za ta zama ba."

"Kai ƙanena ne, fushi ka yi, ni ma na yi. Ka bar garin nan tun kana yaro, ba ka san bugun ba. Shi fa? Shi da ya san abin da shirunsa yake nufi?"

Barau ya mayar da idonsa ƙasa.

Illa ne ya tashi, yana karkaɗe riga, ya dubi Barau. "Ka bari na yi wa rayayye bugu," in ji shi. "Wannan sai in ce kuskure. Amma na yi masa addu'a a gabanka, ka ce mini amin. Na bi gida-gida a Dungas ina faɗa da sunanka." Ya hau bayan moto bai yi masa sallama ba.

An yi bikin Ammar bayan kaka. Manu ya je, aka zaunar da shi a gaba a matsayin uban ango. Alhaji ya sa aka sake waƙar ba magana a tsakiya, amma ta farin ta riga ta shiga salulolin mutane, ba mai iya kwaso ta. Har damina ta zagayo, in Manu ya shiga kasuwar Bande sai ya ga wani ya zabura yana salati.

Barau an sake kiransa sau ɗaya, wajen wani suna, da wani makaɗi dabam. Ya kira gidan tsaf, bai bar kowa ba. Yana gamawa ya ga wata tsohuwa ta karkata wajen 'yar'uwarta tana cewa, "In mun fita ma tambayi wani." Daga ranar bai ƙara fita ba, ba a kuma ƙara aikowa ba.

In ana lissafin cinikin nan na bakin mangaza, Alhaji Mas'udu ne ya ci riba, kuma ba wadda ya nema ba. Ya biya don a cire masa yaya daga waƙa, sai ya samu yayan a kan tabarma. Maganar gona tana nan ba a warware ba, amma suna gaisawa, Daso na shiga gidajen biyu. Manu ya ga waɗanda za su zo ranar tasa tun yana da rai, ya kuma ga ƙanensa a cikinsu da takalmi ƙafa ɗaya. Illa ya rasa abokin aiki. Barau ya samu idon da aka yi masa alkawari, garau, har zare yake zura wa allura. Abin da ya bayar shi ne bakin da ake gaskatawa, kuma wannan bai dawo ba. Yana nan a ƙofar gidansa a Kwaya, yana gane duk mai wucewa tun daga nesa, ya san sunan ubansa da na kakansa, ba mai tsayawa ya tambaye shi.