Keken Da Ya Fi Shugaba Tsawo

Ƙungiyar masu hawan keke a daji da su Baban Auta suka kafa tana da dokoki biyu da ba wanda ya isa ya taka. Ta farko, ba a wuce Shugaba a hanya. Ta biyu, keken Shugaba shi ne mafi girma. Asalin abin, shugaban farko dogo ne kamar falwaya, dole ya sayi babba. Ya gama wa'adinsa ya tafi, aka manta da tsawonsa, aka riƙe girman keken. Halinmu ke nan: a jefar da dalili, a rungume abin, a raɗa masa suna tsari.

Bana aka zaɓi Baba. Shi kuwa in ya zauna a kujerar falo ƙafafunsa lilo suke yi. Ga shi bara aka yi masa aiki a gwiwar dama, likita ya ce keke zai taimaka, amma in ya faɗi da ita a kan dutse, to shi da sanda har abada. Auta ce ta yi jinyar gwiwar nan, don gashin ƙashi ne aikinta a asibiti. Ita ta sha ihunsa kullum safiya tana lanƙwasa ta. Shi ya sa ta shiga ƙungiyar, shi ya sa kuma ta bi shi shagon keke, tare da Lauya, mataimakinsa.

Shagon na warin sabuwar taya da man giris, kekuna a rataye har rufi. Auta ta jawo wani ɗan madaidaici.

"Baba, keken daji ba ado ba ne. Ka tsaya a kansa, ƙafa biyu a ƙasa, ƙarfen tsakiya bai taɓa ka ba. Yatsunka su kai birki ba tare da ka miƙe ba. Ga taya mai haƙora, ga sifirin a gaba da zai shanye gargada. Wannan naka ne."

Baba bai ko kalle shi ba. Ya ce wa mai shago, "Wanne ya fi girma?"

Aka sauko da wani baƙi kamar ingarman doki. Baba ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi ƙetarawa. Mai shago ya turo masa akwatin kayan aiki ya taka. Da ya hau sirdi, takalmansa na shawagi a sama.

"Kai, ya karɓe ka, Yallaɓai!" in ji mai shago.

"Ya karɓe shi ina?" Auta ta ce. "Kai ba ka da uba ne?"

"'Yata, a hankali," in ji Lauya. "Kwarjini ake nema."

"Kawu Lauya, kwarjini ne zai taka masa birki?"

"Ke Auta," Baba ya ce daga can sama, "tun ba a haifi uwarki ba nake hawan keke."

"A kan kwalta, Baba. Zuwa makaranta."

Aka saka baƙin keken a bayan mota.

Ranar hutu da safe aka hallara a bakin daji. Manyan mutane ne, masu ofis da tumbi, kowa ya matse cikin wandon roba da hular kwano. Kowa ya ga Shugaba ya taka kututture kafin ya hau, kowa ya ga yadda ya miƙe kamar mai shanya kafin ya kamo kan keken. Ba wanda ya ce uffan. Ɗaya daga cikinsu, Mai Kemis, ma cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ka ga keke!" Waɗannan mutane ne da in direbansu ya yi kuskuren juyi sai unguwa ta ji su.

Hanyar siririya ce, ta ratsa tsakanin itatuwa, saiwoyi sun ƙetare ta kamar jijiyoyi. Baba na gaba, ƙugunsa na karkata dama da hagu don ya kamo feda. Jerin manya na biye da shi a hankali kamar masu rakiyar gawa. Auta na bayan Lauya, idonta a hannun Baba. Duk sanda ya nemi birki sai ya saki riƙo ya miƙa yatsu, keken ya yi tangal-tangal.

Ta san abin da ke gaba. Bayan rafi akwai fili kaɗan, daga nan sai gangara mai tsayi, duk duwatsu, inda dole mutum ya ja jiki baya, ya riƙe birki biyu, ya shirya sa ƙafa a ƙasa. Baba ba zai iya ko ɗaya ba.

"Kawu Lauya, ka ce a tsaya mana."

"Shugaba ne ke tsai da tafiya."

"To ka gaya masa!"

"Daga baya? Ai rashin ladabi ne."

Suka haye rafi. A hagun filin ruɓaɓɓen ganye ne jibge a kan taɓo, mai taushi kamar katifa. Hagu kuma ita ce lafiyayyar ƙafar. Auta ta sauya giya, ta miƙe a kan feda, ta wuce Lauya. Ta bi ta daman Baba, ta matse shi sosai, ta kaɗa ƙararrawa, ta wuce shi fuu, har da waiwaye.

"Sannu da hanya, Baba!"

Wani a baya ya yi salati. Baba ya daina tuƙi don ya ji daɗin yin faɗa. "Ke! Ni za ki..." Ya kauce hagu, ya miƙa ƙafa yana neman ƙasa. Ƙasa ba ta nan. Keken ya tsaya cak, kamar yana shawara, sannan ya kwanta da shi a hankali cikin ganye, tim.

Auta ta riga kowa isa. Ta kama gwiwar dama ta lanƙwasa, ta miƙar. Lafiya lau. Ta shiga kakkaɓe masa ganye.

"Sake ni, mara kunya!" Ya tashi, taɓo har kunne. "A gaban mutane?"

"Ganyen nan ne, Ranka ya daɗe," in ji Mai Kemis. "Santsi gare shi."

Aka ɗaga baƙin keken. Sai dai filin babu kututture. Lauya ya duƙa ya haɗa hannuwa. "Taka nan, Shugaba, mu ɗora ka."

Baba ya dubi hannuwan, ya dubi jama'a, wasu sun fara ciro waya. A ɗauke shi cak kamar jariri? Ya juya kan Auta.

"Kawo kekenki. Ke kuma ki tura wannan da ƙafa har ƙasa, ki ji yadda rashin kunya yake."

Auta ta sunkuyar da kai don kar a ga bakinta. "To, Baba."

Ya ƙetara ƙafa ba tare da taimakon kowa ba. Daga saman gangarar ta tsaya tana kallo. Ya ja birki, ya bi ta tsakanin duwatsu, a wani lungu taya ta zame ya dafa ƙasa da ƙafa, ya ci gaba. Har wani ihu ta ji ya yi, irin na yara.

Kafin ta iso ƙasa da ingarman, gumi ya jiƙe ta, har an gama taro. Lauya ya sanar da ita an dakatar da ita daga ƙungiya saboda wuce Shugaba. An kuma kafa kwamiti da zai binciki matsalar ganye a dajin.

"Ganye," Auta ta ce. "Duk cikinku ba mai bakin da zai ce keken ya yi masa girma?"

Kowa ya shiga gyaran igiyar hularsa.

"To Baba, ba ni kekena."

"An ƙwace," ya ce, yana shafa sirdin. "Yana cikin hukuncin. Mako mai zuwa ma da shi zan fito, don ki ji zafi." Ya danna feda da ƙafar dama ya yi gaba, manya suka bi shi a jere.